Riƙon Dandamali Ga Ɗalibin Wasan Kwaikwayo: Daga Rabon Aiki Zuwa Kwashe Kaya

Ranar da malami ya zo raba wa aji aikin wasan kwaikwayo na zangon karatu, hannuwa sukan yi sama idan an zo kan darakta da manyan 'yan wasa. Da an ambaci manajan dandamali sai aji ya yi tsit, a ƙarshe a ɗora wa wanda aka ga ba ya fashin lakca, ko wata ɗaliba da aka san ta da tsari. Idan kai aka ɗora wa, ka sani aikin da ya fi kowanne nauyi a ƙungiyar ne ya faɗo kanka. Darakta shi ke tsara yadda wasa zai kasance, amma daga daren da aka buɗe wa 'yan kallo ƙofa, wasan ya koma hannunka. Kai za ka ce a kunna fitila, kai za ka ce wane ya shiga, kai kuma za ka yanke shawara idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar fitowa ta uku.

Inda gizo ke saƙar shi ne, duk wannan a kan 'yan ajinku za ka yi shi. Ba ka biyan kowa ko sisi, ba ka da ikon korar kowa, wanda ka tsawata wa yau da yamma shi za ka je aron littafinsa gobe da safe. Abu biyu ne kawai za su sa a saurare ka: littafin da kake rubuta komai a ciki, da agogon da ba ka sassauta wa kowa. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan waɗannan biyun ya ginu.

Zama da malami da darakta

Kafin a kira gwaji ko ɗaya, ka nemi zama da malamin kwas ɗin tare da darakta, ka je da takarda da biro. Tambayoyinka kaɗan ne: wace rana za a yi wasan, a ina, dare nawa, daga ina kuɗi zai fito, kuma yaya za a raba maki. Ta ƙarshen nan ita ce taka. Ka roƙi Malam ya faɗa da bakinsa a gaban aji cewa rajistar halartar gwaji tana hannunka, kuma zai duba ta idan ya zo ba da maki. Maganar ba ta wuce minti ɗaya ba, amma za ta raba ka da rigimar makonni. Ɗalibin da ya san sunansa na shiga takardar da Malam zai gani, ba sai ka ɗaga masa murya ba.

Sannan ku raba iyaka kai da darakta. Yadda ɗan wasa zai furta magana, inda zai tsaya, yadda zai yi fushi ko kuka, nasa ne. Lokaci, wuri, kaya, tsaro da rubuta abin da aka yanke, naka ne. Ko kana ganin ka fi darakta ido, kada ka gyara wa ɗan wasa a gaban mutane. Ka bari a tashi, ka ja darakta gefe ka faɗa masa. Ranar da 'yan wasa suka gane akwai baki biyu, kowa zai zaɓi wanda ya fi yi masa daɗi.

Ka karanta wasan sau uku. Na farko kamar ɗan kallo. Na biyu da fensir, kana ja wa duk wani abin da hannu zai taɓa layi: wasiƙa, buta, sanda, ƙwarya, kuɗi. Ka lura, marubuta ba sa ambaton komai a bayanin fage. Wani abin a cikin magana yake ɓoye. Idan wani ya ce "ungo, kai wa babanka", to akwai abin da aka miƙa, kuma dole ka san mene ne. Karatu na uku na shiga da fita ne, da sauyin lokaci, da duk sautin da ke zuwa daga waje: sallama, kiran salla, ƙarar mota, carar zakara. Daga nan ka zana jadawali, sunayen 'yan wasa a gefe, fitowa-fitowa a sama, ka sa alama inda kowa ya bayyana. Da wannan takardar za ka daina kiran mutum ashirin su zauna awa uku ana gwada fitowar mutum huɗu, abin da ya fi komai kashe wa ɗalibai gwiwa.

Lokaci da wuri

Ka karɓi jadawalin karatun kowa a rubuce, har da kwasa-kwasan zaɓi da suke ɗauka a wasu sassa, don a nan ne karo ya fi yawa. Ka cire lokacin Juma'a, ka cire safiyar Lahadi da yammacin da Kiristocin ƙungiya ke zuwa addu'a. Kada ka sa gwaji ya haɗiye Magariba kana cewa "yanzu za mu gama". Ka rubuta hutun salla a cikin jadawalin tun farko, da lokacin dawowa. Idan azumi ya shigo cikin makonninku, gwajin la'asar mai tsalle da ihu ba zai yi armashi ba. A mai da shi bayan an sha ruwa, ko a yi da safe.

Ka tsara daga ranar wasa ka dawo baya. Makon ƙarshe na haɗa wuta da sauti da sutura ne. Wanda ke gabansa na yin wasan daga farko har ƙarshe ba tsayawa. Kafin nan kuma a sa ranar ajiye takarda, wato ranar da kowa zai zo ya haddace maganarsa. Ka sanar da wannan ranar tun a zaman farko, ka riƙa tunatarwa. Ka kuma bar kwana biyu ko uku a buɗe, domin tes na ba-zata zai zo, wani zai kwanta zazzaɓi, wani za a kira shi gida. Duk wanda ya yi karatu bayan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i (ASUU) na 2022, wanda ya ɗauke daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya san yadda ake matse zango a dunƙule lakca da tes da jarrabawa wuri guda. A irin wannan yanayin jadawalin da ba shi da sarari kwana biyu zai yi ya rushe.

Sanarwa a WhatsApp ta zama gajera kuma iri ɗaya kullum: rana, lokaci, wuri, fitowar da za a yi, sunayen waɗanda ake bukata. Ka tura da dare, ka kuma liƙa kwafi a allon sanarwa na sashe, saboda "ba ni da data" da "wayata ta mutu" uzuri ne da za ka ji har ka gaji. Ka buɗe zaure ɗaya da kai da darakta kaɗai ke iya rubutu a ciki, a bar wani daban na hira.

Wurin gwaji kuwa, ka kama shi da wuri a rubuce. A sashe ɗaya ƙungiya uku ko huɗu na iya neman fili ɗaya a yamma ɗaya.

Littafin

Nan zan daɗe, domin wanda ya gyara littafinsa ya gama rabin aikin.

Ka sa a yi maka hoton wasan a fuska ɗaya ta takarda kawai. Ka samu babban littafi mai bango mai ƙarfi ko fayil mai zobe, ka liƙa shafin wasa a gefe ɗaya, ka bar shafin da ke kallonsa fari. A farin shafin ka ja layi ka raba shi gida uku: motsin 'yan wasa, wuta da sauti, sai kaya da sauran bayani. Fensir kaɗai za ka yi amfani da shi har zuwa makon ƙarshe, don darakta zai canza ra'ayi sau da yawa, kuma haƙƙinsa ne. Sunanka da lambar wayarka a bango. A farkon littafin ka sa sunaye da lambobin kowa, jadawalin gwaji, rajista, jerin kaya, da zanen dandamali kamar ana kallonsa daga sama.

Yadda ake rubuta motsi: idan ɗan wasa ya tashi a kan wata kalma, ka sa ƙaramar lamba a kan kalmar, ka zagaye ta, ka sake rubuta lambar a farin shafi da abin da ya yi. Misali, a kan kalmar "ƙarya" ka sa 4, a gefe ka rubuta: "4. Lad. ta miƙe, ta zaga bayan kujera, ta tsaya dama-gaba." Ka gajarta sunaye, ka rubuta ma'anar gajartawar a shafin farko don wani ya iya karantawa. Wannan sharaɗi ne babba: idan ka kwanta ciwo ranar wasa, mataimakinka ya ɗauki littafin ya gudanar da komai ba tare da ya kira ka ba.

Dama da hagu a dandamali na ɗan wasa ne lokacin da yake fuskantar 'yan kallo, ba na mai zaune yana kallo ba. Ka tabbata kowa ya gane haka tun ranar farko. Gaba shi ne kusa da 'yan kallo, baya shi ne kusa da bango. Sai dai ba kowane fili ne ke da gaba da baya ba. Ƙauyen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wanda Steven Ehrlich ya zana a tsakiyar shekarun 1970 lokacin da Michael Etherton ke kafa karatun wasan kwaikwayo a can, ginin ƙasa ne mai ɗakuna zagayayyu da fili a tsakiya, an ɗauko fasalinsa daga gidan Bahaushe. A irin wannan wurin, ko a filin ƙauye idan kun fita wasan wayar da kai, 'yan kallo na iya kewaye ku ta ko'ina. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka koma ga gabas da yamma, kudu da arewa. Kowa ya san inda alƙibla take, kuma "ka shigo ta ƙofar kudu" ba ta rikita kowa.

Ishara, wato lokacin da za a canza wuta ko a saki sauti, ka ba kowace lamba: W1, W2 na wuta, S1, S2 na sauti. Ka ja layi daga ainihin kalmar da za a yi canjin a kanta zuwa lambar. "Wajen ƙarshen maganar Malam Audu" ba ishara ba ce. "A kan kalmar 'gobe'" ita ce ishara. Kamar layi huɗu ko biyar kafin kowace, ka rubuta "a shirya". Idan daga baya aka ƙara wata tsakanin W7 da W8, ka kira ta W7a, kada ka sake lambobin duka, don mai wuta ya riga ya rubuta nasa.

Littafin nan shi ne alƙali. Ranar da 'yan wasa biyu suka fara musu, wannan na cewa darakta ya ce ya zauna, wancan na cewa a'a tsaye aka ce, ba sai ka shiga gardamar ba. Ka buɗe shafi ka karanta abin da aka yanke da ranar da aka yanke shi.

Ranar gwaji

Ka riga kowa zuwa da rabin awa. A share fili, musamman idan za a yi wasa ba takalmi. Ƙusa ɗaya ko fasasshiyar kwalba ta isa ta ɓata maka mako. Ka auna girman ainihin dandamalin da za a yi wasan, ka zana shi a ƙasan wurin gwaji da alli ko salatif mai launi, har da inda ƙofofi da kujeru za su kasance. 'Yan wasan da suka saba da faffaɗan aji sukan yi karo da juna idan sun hau ƙaramin dandamali. Ka kawo kayan wucin gadi tun da wuri: kwali a madadin tire, sanda a madadin takobi. Hannun da bai saba riƙe abu ba a gwaji zai rikice ranar wasa.

A fara a kan lokaci ko da mutum uku ne suka zo. A gwada abin da ukun za su iya. A kuma tashi a kan lokaci, wannan ma alkawari ne, kuma kai za ka tuna wa darakta idan ya yi nisa: "Darakta, saura minti goma." Idan mutane suka tabbata ƙarfe shida ƙarfe shida ce a wajen tashi, za su fara yarda ƙarfe huɗu ƙarfe huɗu ce a wajen zuwa.

Bayan ajiye takarda, idonka na kan littafi. Kada ka yi gaggawar jefa wa ɗan wasa magana don ya yi shiru. Wani shirun na cikin wasa ne, kuma ya kamata ka riga ka sa masa alama. Ku yi yarjejeniya: wanda ya manta ya ce "layi", sai ka ba shi kalmomin farko da ƙarfi, ba tare da kwaikwayon muryarsa ba. Inda ya tsallake ko ya sauya, ka sa ɗigo, ka ba shi bayan an tashi. Ka riƙa auna tsawon kowace fitowa da agogon wayarka.

Kafin ka kwanta ka rubuta rahoton ranar, layi biyar zuwa goma: wa ya zo, wa ya makara, me aka yi, me aka canza, me ake bukata daga mai sutura da mai kaya da mai wuta. Idan darakta ya ce a cikin gwaji "nan zai ciro wasiƙa daga aljihu", to mai sutura na bukatar sanin cewa rigar nan sai da aljihu. Idan ba ka kai masa ba, babu mai kai masa.

Mu'amala da 'yan ajinku

Makara ita ce jarrabawarka ta farko, kuma sau da yawa amininka ne zai fara gwada ka. Zai shigo bayan minti arba'in yana dariya, ya dafa kafaɗarka: "Haba mutumina, ai ka san yadda layin abinci yake. Gyara min kawai." Amsar da ta fi ita ce a hankali, ba a gaban mutane ba: "Wallahi na rubuta lokacin da ka shigo, kamar yadda na rubuta na kowa. In na goge naka, gobe ba ni da bakin yi wa wani magana. Zo da wuri sau uku a jere, shi ma zan rubuta." Zai yi fushi na kwana ɗaya. Idan kuwa ka goge masa, kafin mako ya zagayo kowa ya ji, rajistar ta zama takardar banza.

Akwai kuma wanda ya girme ka, ko magidanci da ya dawo karatu, ko ɗan ajin gaba da aka roƙo ya taimaka. Ka ba shi girmansa a magana, ka ce Yaya ko Malam, amma lokacinsa ka rubuta shi yadda yake. Kada ka yi zagi, kada ka kunyata kowa a zauren WhatsApp. Wanda ya yi fashi sau biyu ba sanarwa ka kira shi ka ji dalili, don wani lokacin kuɗin mota ne ba ya da shi yana jin nauyin faɗa. Na uku ka sanar da darakta, daga nan sai Malam. Kuma duk babban matsayi a sa masa madadi tun makon farko, mai zuwa gwaji yana koyo. Sanin cewa akwai mai jiran kujerar yana gyara halin mutum.

'Yan mata da matan aure na ƙungiya suna da lissafin da ya kamata ka riƙe musu. Wadda ke zaune a cikin gari a fara da fitowarta don ta tafi da haske. Idan gwaji ya kai dare, a tsara masu raka su hostal, kada a bar wa sa'a. A ware musu wurin canza kaya mai rufi. Duk inda wasa ya bukaci riƙe hannu ko wani taɓi, a tattauna a fili kafin a gwada, wadda ba ta yarda ba a nemi wata hanyar nuna abin. Idan kuma ke ce manaja, za ki gamu da masu gwada ko za ki iya. Kada ki shiga gasar ɗaga murya da su. Ki tsaya a kan littafi da agogo, ki kai rahoto yadda tsari ya ce.

Kuɗi da kayan aro

Yawancin wasannin ɗalibai da karo-karo ake yin su. Shawarata kada kuɗi ya zauna a hannunka. A zaɓi ma'aji, kai ka riƙe kwafin lissafi, duk abin da aka saya a kawo rasit ko a rubuta a sa hannu. A karanta lissafin a gaban kowa duk mako. Zargin cin kuɗin ƙungiya yana raba abokan shekara huɗu a kan abin da bai kai kuɗin abincin rana ba.

Rabin kayanku na aro ne: tabarma, turmi da taɓarya, kujerar tsakar gida, babbar riga, rawani, wani lokacin har alkyabba. Ka buɗe shafi: mene ne, na wa ne, wa ya karɓo, yaushe za a mayar. Ka ɗauki hoton kowane abu ranar da ya zo, don idan akwai tsaga ko tabo a san da shi ya zo. Abin da ba za ku iya biya ba idan ya lalace, kada ku aro shi.

A bayan fage ka sa tebur, ka shimfiɗa takarda a kai, ka zana gida ga kowane abu da sunansa. Kallo ɗaya zai nuna maka abin da babu. Dokar ita ce wanda ya ɗauka shi ke mayarwa, kuma ba mai taɓa kayan da ba nasa ba. Wuƙa da takobi da adda a dakushe su ko a yi na katako, a kulle su bayan kowane gwaji. Idan akwai bindigar wasa, ko ƙarar harbi, ko kakin soja ko na ɗan sanda, ka je ofishin tsaro na makaranta ka sanar a rubuce kafin ranar, kuma kada kowa ya fita harabar wurin da kayan a jikinsa. A halin da ake ciki, ƙarar harbi da dare a cikin makaranta na iya jawo turmutsutsu.

Wuta

Ka ɗauka cewa za a ɗauke wuta, ka shirya a kan haka. Ka zauna da mai wuta ku tara ƙarfin duk abin da za a kunna. Tsohuwar fitilar dandamali ɗaya, ko halojin irin na fili, takan ci wat 500 zuwa 1,000. Soket ɗin bango mai am 13 iyakarsa wajen wat 3,000, ƙaramin janareta mai kVA 2.5 kuwa wajen wat 2,000 yake bayarwa. Ke nan manyan fitilu biyu sun cinye shi tun ba a sa lasifika ba. Fitilun LED cinsu kaɗan ne ƙwarai, idan da hali su za ku nema. Kada a jera ekstenshan a kan ekstenshan. Bayan minti ashirin da kunnawa ka taɓa waya ka ji, idan ta yi zafi a rage kaya. Duk wayar da ta ratsa hanyar wucewa a manne ta da ƙasa.

Janareta ya zauna a waje, nesa da taga da ƙofa, saboda hayaƙinsa na kisa a rufaffen wuri, kuma ƙararsa na danne muryar 'yan wasa. A gwada shi da dukan kayan a kunne kwana biyu kafin wasa. A cika mai kafin a fara, ba a ƙara mai yana aiki. A ba mutum ɗaya aikin zama kusa da shi, ba shi da wani aikin. Ni ina ganin ya fi kwanciyar hankali a fara wasan a kan janareta tun daga farko idan mai ya isa, maimakon a jira wuta ta ɗauke a yi ta laluben juya layi a duhu.

Ku gwada ɗaukewar wuta kamar yadda kuke gwada kowace fitowa. 'Yan wasa su tsaya cak inda suke, mutum biyu masu manyan fitilun caji su haska dandamali daga gefe biyu, idan abin ya wuce minti ɗaya makaɗa ko mawaƙa su riƙe 'yan kallo. Wutar gaske kuwa, kyandir ko aci-balbal ko garwashi, ka guje ta, balle kusa da rufin ciyawa ko labule. Idan darakta ya dage, a nemi izinin Malam, a ajiye bokitin yashi da na ruwa da mutum a kansu. Fili buɗaɗɗe kuma yana da nasa: a watan Agusta ka tanadi leda babba ta rufe na'urori da ɗakin da za a koma, a hunturu ka tanadi ruwan ɗumi don ƙura na dushe murya.

Makon ƙarshe da daren wasa

Gwajin haɗa wuta da sauti naka ne, darakta ya zauna a wurin 'yan kallo. Ba sai an yi dukan wasan ba: a tsallaka daga ishara zuwa ishara, a maimaita kowace har ta zauna. Yana cin lokaci, yana gajiyar da mutane, ka gaya musu haka tun kafin su zo. Canjin kaya tsakanin fitowa shi ma a gwada shi da agogo, kowa ya san abin da zai ɗauka da ƙofar da zai bi. Duhun da ya wuce rabin minti yana sa 'yan kallo su ciro waya. Sai gwajin sutura, wanda ake yi tamkar ranar wasa, ba tsayawa sai in wani zai ji rauni.

Kiran ishara yana da tsari ɗaya da ba ya canzawa. Ka ce: "Wuta ta goma sha biyu, a shirya." Mai wuta ya amsa: "An shirya." Idan kalmar ta zo: "Wuta ta goma sha biyu, tafi." Kalmar "tafi" ita ce ƙarshe koyaushe, kuma ba ka furta ta a wata magana daban muddin ana wasa. Idan ba ku da na'urar magana, ku zauna kusa da juna, ko a haɗa kira a waya da abin saƙalawa a kunne, a tabbata akwai caji da kati. Ka kuma tanadi ƙaramar tocila a matsayin madadi: kunnawa na nufin a shirya, kashewa na nufin tafi.

Ranar wasa kowa ya iso awa biyu kafin lokaci, ya sa hannu da kansa. Ka bi jerinka ɗaya bayan ɗaya: fitilu, sauti, teburin kaya, sutura, ƙofofin fita a buɗe ba a tare da benci ba, ruwan sha, akwatin taimakon gaggawa. A aljihunka akwai allura da zare, fil, salatif, almakashi, batir da fensir. Ka kira lokaci a bayan fage: saura rabin awa, saura kwata, saura biyar, masu fitowar farko su tsaya a wurinsu. A gidajen wasan Ingila kiran rabin awa minti 35 kafin farawa ake yin sa, don a bar biyar na tsayuwar masu buɗe wasa, kuma dabara ce da ta cancanci aro. Wayoyin 'yan wasa a kashe a tara su wuri ɗaya. Abokai da 'yan'uwa masu son shigowa bayan fage su gaisa su jira a gama.

Za ka zama kamar uwar biki, kowa ya ci ya sha kai ba ka zauna ba. Idan wani ya tsallake shafi guda, kada ka tsaya takaici: ka nemo inda ya faɗa, ka duba isharar da aka tsallake, ka gaya wa mai wuta lambar da za a koma. Muryarka ta zauna yadda take, don masu wuta da sauti daga muryarka suke gane ko akwai matsala. Gyara da faɗa duk a bari sai an rufe.

Kwashe kaya

Da an gama tafi da hotuna kowa zai so ya zame. Saboda haka ka raba aikin kwashe kaya a rubuce tun kafin ranar, ka sa Malam ya san cewa rajista ba ta rufe ba sai an share fili. Na'urorin sashe su fara komawa, a ƙirga su a gaban mai kula da su ya sa hannu. Suturar aro a wanke a goge, a mayar cikin kwana biyu ko uku, kuma wanda ya karɓo shi zai kai da kansa ya yi godiya. Abin da ya lalace a faɗa wa mai shi gaskiya a biya daga kuɗin ƙungiya.

Karatunka ma yana nan yana jira. Tun farko ka nemi mataimaki, ko biyu idan wasan babba ne, ka ba su aiki na gaske, ɗaya a kan kaya ɗaya a bayan fage, don ranar da kake da tes gwaji ya gudana ba kai. Sauran malamai ba za su ɗaga maka ƙafa don kana wasan wani kwas ba.

A ƙarshe ka miƙa wa Malam rajista da rahoto: tsawon wasan a kowane dare, abin da ya faru, wanda ya yi aikin da ba a gani daga kujerar 'yan kallo. Ka ambaci masu janareta da masu ɗaukar kaya da sunansu, don su ma maki suke nema. Ka ƙara shafi ɗaya na ajin da ke biye da ku, mai ɗauke da ma'aunin dandamali, soket ɗin da ba ya aiki, da yawan man da janareta ya sha a dare ɗaya. Ma'aji ya karanta lissafin ƙarshe a gaban kowa, a raba canjin da ya rage ko a yanke abin da za a yi da shi kafin a shiga jarrabawa.